Uwar Kuɗin Ɗan Wasa: Tarihin Ƙwazo da Rauni a Sana'ar Ƙwallon Kwando

Ƙwallon kwando sana'a ce da jarinta jiki ne. Ɗan kasuwa in ya karye yana iya cin bashi ya sake buɗe shago, amma ɗan wasan da gwiwarsa ta lalace ba shi da inda zai aro wata. Duk da haka ba don ya adana jikin ake biyan sa ba. Ana biyan sa ne ya riƙa taɓa uwar kuɗin a gaban jama'a, yau da gobe. A gasar NBA ta Amurka da Kanada kowace ƙungiya tana buga wasa 82 tsakanin Oktoba da Afrilu, kowane wasa minti 48, sannan a shiga zagayen fitar da gwani, inda sai ƙungiya ta ci wasa 16 kafin ta ɗaga kofi. Tun da aka fara biyan mutane kuɗi don su jefa ƙwallo a kwando ake jayayya a kan abu biyu: iya ina ya kamata ɗan wasa ya matsa wa jikinsa, kuma wa ke da ikon cewa ya isa haka, shi, ko kocinsa, ko likita, ko mai ƙungiya.

Gudun rauni yana cikin abin da ya haifi wasan tun farko. A Disamba 1891 aka ba James Naismith, malamin motsa jiki ɗan Kanada da ke koyarwa a makarantar YMCA ta Springfield a jihar Massachusetts, mako biyu ya ƙirƙiro wasan da ɗalibai za su yi a cikin ɗaki lokacin sanyi. Ya lura cewa a wasannin da ya sani ana jin ciwo ne wajen tare mai gudu da ƙwallo da kuma wajen cunkoso a bakin raga. Sai ya hana gudu da ƙwallo a hannu, ya kuma ɗaga wurin ci sama: kwandunan 'ya'yan itace biyu a tsayin ƙafa 10, wato mita 3.05, inda lallaɓawa ta fi ƙarfi amfani. Cikin dokoki 13 da ya rubuta akwai wadda ta hana turi da riƙo da taɗiya da duka.

Da kuɗi ya shigo, kiɗa ya canza. A 1898 aka kafa gasar farko ta masu karɓar albashi a yankin Philadelphia da New Jersey, kuma a zamanin nan a cikin keji na waya ake buga wasan. Ƙwallo ba ta fita fili, don haka wasa ba ya tsayawa, ana kuma maka juna da wayar. Mutum ya fito jiki duk ƙwarzane, a biya shi kuɗin daren, in bai iya fitowa gobe ba a nemi wani.

An kafa gasar da ta zama NBA a 1946, ta ɗauki wannan suna a 1949, a 1954 kuma aka kawo agogon daƙiƙa 24 wanda ya tilasta wa kowace ƙungiya ta yi jifa da wuri. Gudu ya ƙaru, hutu bai ƙaru ba. A kakar 1961 zuwa 1962 Wilt Chamberlain ya buga wasa 80, kuma minti takwas kacal ya yi a wajen fili duk kakar, su ma don alƙalin wasa ya kore shi ne. Da aka haɗa da ƙarin lokaci, sai ya tashi da minti 48.5 a kowane wasa, fiye da tsawon wasan kansa. Ana ambaton wannan a matsayin bajinta, kuma bajinta ce. Amma labarin Maurice Stokes ya fi nuna yadda sana'ar take a lokacin. Ranar 12 ga Maris 1958 Stokes, ɗan wasan Cincinnati Royals, ya faɗo da ka a Minneapolis har ya suma. Aka farfaɗo da shi, ya koma fili ya ƙarasa wasan. Bayan kwana uku ya sake bugawa a Detroit, a cikin jirgin komawa gida kuma jiki ya rikice. Daga nan jikinsa ya shanye har ya rasu a 1970 yana da shekara 36. Abokin wasansa Jack Twyman ne ya zama waliyyinsa, ya yi ta shirya wasannin neman taimako don biyan kuɗin asibiti, domin gasar ba ta da wani tanadi ga irin sa.

Ba roƙo ne ya kawo gyara ba. A Janairu 1964, daren wasan taurari a Boston, wanda za a nuna kai tsaye a talabijin, 'yan wasa suka zauna a ɗakin sauya kaya suka ce ba za su fito ba sai an amince da fansho. Cikin buƙatunsu har da a samar wa kowace ƙungiya mai duba lafiyar 'yan wasa. Ana dab da fara nuni shugabannin gasar suka sauko.

Shekara shida bayan haka aka yi daren da ya zama ma'aunin jarumta a wannan sana'a. Willis Reed, kyaftin ɗin New York Knicks, ya yaga tsokar cinya a karo na biyar na wasan ƙarshe da Los Angeles Lakers, bai buga na shida ba. Ranar 8 ga Mayu 1970, bayan an yi masa allurar kashe zafi, ya fito yana jan ƙafa a Madison Square Garden, ya jefa ƙwallo biyu na farko suka shiga. Makinsa ke nan duk daren, maki huɗu. Walt Frazier ne ya ci 36, Knicks kuma suka yi nasara 113 da 99, amma sunan Reed aka riƙe. Tun daga ranar duk ɗan wasan da ya ce yana jin ciwo sai a tuna masa da Reed. Ba a cika ƙarawa da cewa shekara huɗu bayan nan ciwon gwiwa ya raba Reed da fili ba.

Bahaushe bai buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Ya san abin da kalangu da kirari ke yi wa ɗan dambe, yadda mutum zai shiga fage da kumburarren hannu don kada a ce ya ji tsoro. Sai dai dambe na gargajiya yana da lokacinsa: bayan kaka ake yin sa, in damina ta faɗi kowa ya koma gona ko fawa, jiki ya samu watanni yana ɗinkewa. Sana'ar da ta dogara da kuɗin ƙofa da na talabijin ba ta son irin wannan dogon hutu.

Bill Walton ne ya fara fito da ɗaya fuskar labarin fili. Ya kai Portland ga kofi a 1977, a kakar da ta biyo kuma ƙungiyar ta ci wasa 50 cikin 60 na farko kafin ƙafarsa ta tsayar da shi a ƙarshen Fabrairu 1978. Ya dawo a zagayen fitar da gwani, aka yi masa allura ya shiga wasa na biyu da Seattle, bayan wasan hoto ya nuna ƙashi ya karye. Ƙashin nan ƙarami ne, yana tsakiyar ƙafa gaban idon sawu, siffarsa kamar kwalekwale. Nauyin jiki yana bi ta kansa a duk sauka daga tsalle, jini kuma ba ya isa tsakiyarsa sosai, shi ya sa in ya tsage yake daɗewa bai haɗe ba. Zafi shi ne ɗan aiken da jiki ke turowa, jiki magayi. Allura ba ta gyara ƙashi, ɗan aiken take rufe wa baki. Walton ya ƙi buga kakar 1978 zuwa 1979 baki ɗaya, ya nemi a sayar da shi, ya kai likitan ƙungiyar ƙara, aka sasanta a wajen kotu. Wasa 468 kawai ya buga a duk rayuwarsa ta NBA, an kuma yi masa tiyata fiye da sau 30. Shari'arsa ta tayar da tambayar da har yau ba ta kwanta ba: likitan da ƙungiya ke biya, wa yake yi wa aiki?

Ba kullum ƙungiya ce mai turawa ba. Michael Jordan ya karya irin wannan ƙashi a wasa na uku na kakar 1985 zuwa 1986, wasa 64 suka wuce shi. Masu Chicago Bulls suka so ya haƙura da kakar, likitoci suka ce akwai haɗarin kashi 10 cikin 100 ƙashin ya sake karyewa. Shi kuwa kashi 90 ɗin yake gani. Aka ƙyale shi ya dawo a kan sharaɗin 'yan mintoci ƙidayayyu, abin da ya ɓata masa rai ƙwarai. Ranar 20 ga Afrilu 1986 ya ci maki 63 a Boston. Ƙafar ta riƙe, labarin ya zama hujjar masu cewa ƙarfin hali ya fi lissafi. A 1987 Kevin McHale na Boston ya buga zagayen fitar da gwani a kan karyayyar ƙafa, bai kuma sake komawa yadda yake ba. Isiah Thomas ya ci maki 25 a kwata ɗaya na wasan ƙarshe na 1988, targaɗe kuma ya same shi a tsakiyar kwatar. A. C. Green ya buga wasa 1,192 a jere daga 1986 zuwa 2001.

A wannan zamani ɗan Afirka na farko da ya hau ƙololuwar sana'ar ya ɗanɗana abin ta fuska biyu. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984. A Janairu 1991 gwiwar hannun abokin karawa ta fasa masa ƙashin gurbin ido, ya yi kusan wata biyu a waje. Wannan kowa ya gani, ba wanda ya yi musu. Amma a Maris 1992 da ya ce tsokar bayan cinyarsa na ciwo, shugabannin Houston Rockets suka zarge shi da ciwon ƙarya saboda rigimar kwantiragi, suka dakatar da shi. Ya nemi a sayar da shi, sai a farkon kakar da ta biyo aka shirya, a cikin jirgin da ya kai ƙungiyar Japan. Ciwon da hoto bai nuna ba, maganar ɗan wasa ce kawai shaidarsa, kuma a lokacin maganar ba ta da nauyi. Olajuwon ɗin nan shi ya ci wa Houston kofi a 1994 da 1995. Yana azumi yana wasa, a Fabrairu 1995 kuma, da watan ya zo daidai da Ramadan, shi aka zaɓa gwarzon wata. Mutumin da ya san jikinsa har haka ya cancanci a gaskata shi in ya ce wuri kaza na masa ciwo.

Wasa a kan ciwo bai ƙare da wannan zamani ba: Grant Hill ya buga zagayen fitar da gwani na 2000 da ciwon idon sawu har ƙashin ya karye. Bayan nan ya koma Orlando, a kaka huɗu na farko da ya yi a can wasa 47 ya iya bugawa.

Wanda ya fara mayar da hutu tsari shi ne Gregg Popovich na San Antonio Spurs. Ranar 29 ga Nuwamba 2012, a ƙarshen doguwar tafiya, ya sallami Tim Duncan da Tony Parker da Manu Ginobili da Danny Green suka koma gida, alhali akwai wasa da Miami da za a nuna wa ƙasa baki ɗaya. Shugaban gasar David Stern ya ci ƙungiyar tarar dala 250,000. A kakar 2013 zuwa 2014 babu ɗan wasan Spurs ko ɗaya da ya kai minti 30 a kowane wasa, suka kuma ɗauki kofi. Duncan ya yi wasa har ya cika shekara 40. A daidai waɗannan shekaru mutane suka ga abin da ke faruwa a ɗaya gefen. Derrick Rose, wanda ya zama gwarzon shekara yana da shekara 22, ya tsinka jijiyar cikin gwiwa ranar 28 ga Afrilu 2012, saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu a tashi, ƙungiyarsa na gaba da maki 12, a ƙarshen kakar da aka cusa wasa 66 cikin wata huɗu. Kobe Bryant kuma, yana da shekara 34, ya buga minti 48 cur a Portland ranar 10 ga Afrilu 2013, bayan kwana biyu agararsa ta tsinke. Ya tsaya ya jefa bugun tara biyu kafin ya fita da ƙafarsa.

Agara ita ce jijiyar da ta haɗa tsokar sha-raɓa da ƙashin diddige, kuma babu jijiyar da ta fi ta ƙarfi a jikin mutum. Duk wanda ya shiga mayanka, irin babbar mayankar Farcha da ke bakin kogin Shari a Njamena, ya ga shaidar haka: a bayan agara ake saƙala ƙugiya a rataye gangar sa guda. Amma jijiya ba ta samun jini kamar tsoka, ba ta kuma warkewa da saurinta. Takan yi ta saɓulewa a hankali, kamar igiyar guga a bakin rijiya, mai ita bai sani ba. Ranar da za ta tsinke sau da yawa ba wanda ya taɓa shi: ya ja ƙafa baya ne zai zabura, sai ya ji kamar an doke shi a dunduniya, ya waiwaya bai ga kowa ba. Jijiyar cikin gwiwa kuma, wadda ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, takan tsinke ne wajen tsayawa farat ɗaya ko sauka a karkace. Kowace daga cikinsu tana cin wata tara zuwa shekara, wani lokaci fiye.

Babi mafi muhimmanci a wannan tarihi yana da saiwa a Zariya. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ta daɗe tana cikin manyan cibiyoyin ƙwallon kwando a Najeriya, kuma sunan da aka fi dangantawa da wannan shi ne na Oliver Johnson, Ba'amurken kocin da ya shafe shekaru gommai yana horar da matasa a Samaru. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri. An haife shi a Ingila a 1970, mahaifinsa ɗan Najeriya ma'aikacin asibiti, mahaifiyarsa likita 'yar Kenya, a Zariya kuma ya tashi. Yana da shekara 13 ya bar ƙwallon ƙafa ya kama ta kwando. Ya yi karatu da wasa a Amurka, ya shafe shekara shida a ƙananan ƙungiyoyin Turai, bai taɓa buga NBA ba. A 2002 ya fara yi wa Orlando aikin nemo gwanaye ba albashi, da kuɗin aljihunsa yake yawo. A 2010 Denver ta ba shi ragamar harkar 'yan wasanta, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyi, a shekarar kuma ya koma Toronto Raptors.

Ranar 18 ga Yuli 2018 Ujiri ya yi cinikin da mutane da yawa suka ɗauka kasada ce. Ya ba da DeMar DeRozan, wanda mutanen Toronto ke ƙauna, ya karɓo Kawhi Leonard daga San Antonio. Leonard wasa tara kacal ya buga a kakar da ta gabata saboda ciwon jijiyar cinyar dama. Likitocin tsohuwar ƙungiyarsa sun ce ya isa komawa fili, shi ya ce ciwon bai sake shi ba, ya nemi wasu likitoci, amana ta karye: labarin Olajuwon ne ya sake dawowa bayan shekara 26. Saura masa kuma shekara ɗaya a kwantiragi. Abin da Toronto ta yi shi ne ta gaskata shi. Aka damƙa al'amarinsa ga Alex McKechnie, masanin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ɗan Sikotilan, aka tsara masa abin da za a iya kira tattalin jiki. Ana auna yawan gudunsa da tsallensa da yadda ƙafar ta kwana, a kuma yanke tun da wuri wasannin da zai zauna. In wasa biyu suka zo dare biyu a jere, ɗaya zai buga. Ya buga 60 cikin 82. A 22 ɗin da ya zauna, Toronto ta ci 17, da taimakon irin su Pascal Siakam na Duwala da Serge Ibaka na Kongo.

Tattalin ba rowa ba ne, ajiya ce don ranar buƙata. A zagayen fitar da gwani Leonard ya buga duka wasa 24, kimanin minti 39 kowane dare, ya ci maki 732, wani lokaci yana ɗingishi a fili. Ranar 12 ga Mayu 2019, a karo na bakwai da Philadelphia, ya jefa ƙwallon ƙarshe ta saman hannun Joel Embiid, ta yi tsalle huɗu a bakin kwando ta faɗa.

A wasan ƙarshe suka haɗu da Golden State Warriors, wadda ke zuwa wannan mataki karo na biyar a jere, gajiyar shekara biyar a ƙafafunta. Ɗan wasanta Kevin Durant ya ji ciwo a sha-raɓa tun ranar 8 ga Mayu, wata guda bai yi wasa ba. Da Toronto ta yi gaba da ci uku da ɗaya, surutu ya yi yawa a kan yaushe zai dawo. Ya dawo ranar 10 ga Yuni, ya ci maki 11 cikin minti 12, agarar ƙafar nan ta tsinke. Manajan ƙungiyar Bob Myers ya yi magana da 'yan jarida yana hawaye, ya ce a ɗora masa laifin. Durant daga baya ya ce ba wanda ya tilasta masa. Bayan kwana uku abokin wasansa Klay Thompson ya tsinka jijiyar gwiwa, ya dawo daga hanyar ɗakin sauya kaya ya jefa bugun tara biyu. Kafin ya gama jinyar gwiwar agararsa ma ta tsinke, sai bayan kwana 941 ya sake buga wasa. A daren 13 ga Yuni 2019 Toronto ta ɗauki kofinta na farko. Cikin mako guda duniya ta ga hanyoyin biyu gefe da gefe, ƙungiyoyi kuma suka ɗauki darasin da ya fi sauƙin ɗauka. Leonard kansa ya koma Los Angeles Clippers, aka ci gaba da yi masa tattali, amma a Yuni 2021 jijiyar gwiwarsa ta yage, kakar da ta biyo duka ta wuce shi.

Daga nan hutun taurari ya zama ruwan dare, har ga waɗanda ba su da tarihin ciwo irin na Leonard. Mai ƙaramin ƙarfi da ya tara kuɗi ya kai ɗansa kallon gwani sau ɗaya a shekara, ya tarar da shi zaune a benci cikin kayan gida, yana da hakkin ya yi fushi. Gidajen talabijin ma sun yi, kuma nasu fushin ya fi tsada: yarjejeniyar nuna wasanni da aka sa wa hannu a 2024 ta kai kimanin dala biliyan 76 cikin shekara 11. A 2023 gasar ta kawo dokoki biyu. Ta farko ta hana ƙungiya ta hutar da taurari biyu masu lafiya a wasa ɗaya, da tarar dala 100,000 a karon farko, 250,000 a na biyu. Ta biyu ta ce wanda bai buga wasa 65 ba ba zai shiga takarar manyan lambobin yabo ba.

Doka ta biyun ta fi cizo, domin lambobin nan su ke buɗe ƙofar albashi mafi tsoka. Tyrese Haliburton na Indiana ya gaggauta dawowa daga ciwon cinya a 2024, ya cika adadin, abin da ya ƙara wa kwantiraginsa kimanin dala miliyan 40. Embiid kuwa, ɗan Yawunde, wanda ƙashin nan mai siffar kwalekwale ya hana shi buga kaka biyu na farko bayan an ɗauke shi a 2014, ya zama gwarzon shekara a 2023. Ranar 22 ga Janairu 2024 ya ci maki 70. Da gwiwa ta hana shi buga wasa a Denver bayan kwana biyar, aka yi masa ca. Ranar 30 ga wata ya fito yana ɗingishi, wani ya faɗo masa a ƙafa, guringuntsin gwiwar hagu ya yage. Ya ƙare kakar da wasa 39, ta gaba da 19.

A watan nan na Janairu 2024 gasar ta raba wa ƙungiyoyi rahoton binciken kaka goma, wanda bai sami shaidar cewa hutar da ɗan wasa mai lafiya na rage masa rauni ba. Marubutansa sun kuma ce wannan bai tabbatar da cewa hutun ba shi da amfani ba. Abin da ba a musu a kansa shi ne wasan kansa ya sauya. Lokacin da aka kawo jifan maki uku a 1979, ƙungiya takan gwada shi kusan sau uku a wasa. Yanzu ya haura sau 35. Fili ya buɗe, mai tsaro sai ya ruga har bakin layi ya ci burki ya juya, sau da dama a minti guda. Minti 34 na yau ba ɗaya yake da na zamanin Chamberlain ba. A zagayen fitar da gwani na 2025 agarar Damian Lillard ta tsinke, ta Jayson Tatum ta biyo baya, sannan ta Haliburton ranar 22 ga Yuni, a karo na bakwai na wasan ƙarshe, wanda ya shiga da ciwon sha-raɓa da kowa ya sani.

Duk wannan muhawara ta masu hali ce. Kwantiragin NBA yawanci tabbatacce ne: ko ɗan wasa na kwance, albashinsa na shiga. A Kano ko Zariya ko Njamena lissafin dabam yake. Yawancin filayen da matasa ke koyon wasan a kansu daɓen siminti ne a sarari, wanda ba ya shan nauyin sauka kamar katako, takalman kuma sau da yawa na gwanjo ne da tafinsu ya riga ya cinye. A Afrilu zafin Njamena kan haura digiri 40. Gasa takan zo a dunƙule, a tara ƙungiyoyi a gari ɗaya a yi ta wasa kusan kullum, bayan an shafe watanni ba a yi ba. Jijiya kuwa ba abin da ta ƙi kamar nauyin da ya zo mata bagatatan. A Najeriya rikicin shugabanci da ya raba hukumar wasan gida biyu a 2017 ya gurgunta gasar ƙasa shekaru da dama, ƙungiyoyi irin su Kano Pillars, wadda ta zo ta uku a Afirka a 2016, suka rasa wasa na yau da kullum. Yaron da ya ji an ce mai neman gwanaye zai zo kallo ba zai ce gwiwarsa na ciwo ba. In ta tafi, maɗori ake fara kai shi. Maɗori ya san karaya da targaɗe, amma jijiyar cikin gwiwa ba ta ɗoruwa da kara da tsumma. Sai hoton na'ura, sai tiyata, sai watanni na gashi da motsa ƙafa, kuma ba kowane gida ke iya ɗaukar wannan ba.

An fara samun sauyi ta wasu fuskoki. Gidauniyar Giants of Africa da Ujiri ya kafa a 2003 ta ɗauki alƙawari a 2021 za ta gina fili 100 a faɗin nahiyar. A Mayu 2021 aka buɗe gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL a Kigali da ƙungiyoyi 12, Zamalek ta Masar ta ɗauki kofin farko, a 2024 kuma Rivers Hoopers ta Fatakwal ta zo ta uku. Tun 2016 NBA da hukumar wasan ta Amurka suka ba da shawarar kada yaro ya keɓe kansa ga ƙwallon kwando kaɗai kafin shekara 14, ya kuma samu aƙalla kwana ɗaya na hutu a mako. Bincike da dama ya nuna cewa atisayen ɗumama jiki da ke koya wa ɗan wasa yadda zai sauka daga tsalle gwiwa a lanƙwashe, ba ta karkata ciki ba, yana rage tsinkewar jijiyar gwiwa da kusan rabi. Wannan ya fi shafar mata, domin jijiyar tasu ta fi ta maza saurin tsinkewa ninki biyu ko fiye, kuma a yankin nan mata ne suka fi ɗaga tuta: D'Tigress ta Najeriya ta ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, ta kuma kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a gasar Olamfik ta Faris a 2024.